Fushi, Kunya da Farin Ciki a Turanci: Tambayoyi da Amsoshi

Masu zuwa ajin Turanci na yamma da nake koyarwa a cikin birnin Kano iri-iri ne. Akwai ɗalibai masu shirin WAEC da NECO, akwai 'yan kasuwar Kantin Kwari masu musayar saƙo da abokan hulɗa na ƙasashen waje, akwai ma'aikatan jinya, har da iyaye mata masu son taya yara aikin gida. Kusan dukansu sun san "happy" da "angry" da "afraid". Inda ƙafa ke zamewa shi ne wajen dasa kalmar a cikin jimla. Bahaushe ji yake yi, ko abu ya kama shi, ko ya ba shi: yana jin tsoro, kunya ta kama shi, magana ta ba shi haushi. Bature kuwa galibi da siffa yake kwatanta kansa, ya fara da "I am". Tambayoyin da ke ƙasa su ne suka fi yawan dawowa.

Malam, na ce "I am boring" a aji aka fashe da dariya. Me na faɗa ba daidai ba?

Ka gaya musu ne cewa kai mutum ne mai gundurar jama'a, wanda zama da shi ke kawo hamma. Abin da kake nufi shi ne zaman ya ishe ka, wato "I am bored".

Wannan shi ne kuskuren da ya fi kowane yawa, kuma gyaransa ba shi da wuya. Turanci yana da tagwayen siffofi, ɗaya ta ƙare da "ed", ɗaya da "ing". Mai "ed" ta wanda yake jin abin ce a ransa. Mai "ing" ta wanda ya jawo jin ce, mutum ne ko abu. Ka ɗauki wanda cunkoso ya riƙe a cikin adaidaita sahu a Ƙofar Nasarawa da tsakar rana, gumi ya jiƙa masa riga, direba ya kashe inji ya jingina da sitiyari. Shi fasinjan "tired" ne kuma "annoyed". Tafiyar ita ce "tiring", cunkoson kuma "annoying". Haka "interested" da "interesting", "excited" da "exciting", "disappointed" da "disappointing", "surprised" da "surprising", "confused" da "confusing".

Ta ƙarshen nan tana bukatar kula ta musamman ga 'yan jami'a. Ɗalibin da ya ɗaga hannu a lacca ya ce "Sir, I am confusing" ya zargi kansa ne da rikita aji. Wanda kuma ya ce "Sir, you are confused" alhali yana nufin bayanin ne bai fito ba, ya ce wa malaminsa ruɗaɗɗe a gaban jama'a. Abin da ya dace shi ne "I am confused", ko "This topic is confusing".

Kafin ka furta, tambayi kanka: ni nake ji, ko ni nake jawowa? Sannan ka tuna abin da ba shi da rai ba ya ɗaukar "ed" a wannan ma'ana. Fim ba zai zama "bored" ba, don ba shi da zuciyar da za ta gundura.

Me ya sa ba a cewa "I am hearing fear" ko "I am hearing hunger", alhali "ji" shi ne "hear"?

Saboda "ji" namu yana ɗaukar aikin da Turanci ya raba wa kalmomi da dama. Da kunne "hear" ne, da hanci "smell", da harshe "taste", da jiki ko zuciya "feel", in kuma fahimta ce "understand". Ko "feel" ɗin ma ba kullum ake bukatarsa ba. Ina jin yunwa "I am hungry" ne, ina jin tsoro "I am afraid" ko "I am scared", ina jin barci "I am sleepy". In za ka sa "feel", siffa ce ke binsa kai tsaye: "I feel sad", "I feel better today". Kada ka cusa "myself" a tsakani.

Kunya fa? Na duba ƙamus na ga kalmomi uku, ban san wadda zan ɗauka ba.

Ukun duk daidai ne, amma kowace da muhallinta, kuma musanya su yana iya ɓata wa mutum suna.

"Shy" hali ne: yarinyar da ke ɓuya bayan zanin uwarta in baƙo ya shigo, ko saurayin da ba ya iya magana a taro. Babu laifi a ciki. "My daughter is shy around strangers." "Embarrassed" kunyar ɗan lokaci ce, irin wadda ke kama mutum in ya zame a gaban mutane, ko ya gama cin abinci a gidan abinci ya laluba aljihu ya ji wayam. Gobe da kansa zai ba da labari yana dariya. "Ashamed" kuwa nauyi gare ta: mutum ya aikata abin da zuciyarsa ta san ba daidai ba ne, ko wani nasa ya aikata. "He is ashamed of what he did." Saboda haka uwar da take son cewa ɗanta mai kunya ne ta ce "My son is ashamed", mai sauraro zai tambaye ta laifin da yaron ya yi. In kuma ta ce "I am ashamed of my son", ta ce yaron ya zubar mata da mutunci.

A kula da wasu biyun da ke kusa: "shameful" abin kunya ne, "shameless" marar kunya. In an ci mutuncin mutum da gangan a bainar jama'a, kalmar da ta fi dacewa ita ce "humiliated".

Sai kunya ta huɗu, wadda mu muka fi ɗauka da daraja: ta suruki da surukarsa, ta uwar da ba ta kiran sunan ɗan farinta, ta budurwar da ke sunkuyar da kai gaban manya. Turanci ba shi da kalma ɗaya da ta rufe wannan. Masu fassara littattafan addini sukan sa "modesty" a wurin kunyar da ake cewa tana daga imani, kuma ta yi kusa. Amma in kana yi wa baƙo bayanin al'ada, gara ka buɗe maganar: "She does not say his name, out of respect." In ka ce "She is ashamed of him", ka mayar da abin yabo abin zargi.

Wata baturiya ta yi tuntuɓe na ce mata "sorry", sai ta ce ai ba laifina ba ne. Ashe ba haka ake faɗa ba?

Sannu kika yi mata, ita kuma ban haƙuri ta ji. A nan Najeriya "sorry" ya daɗe da ɗaukar aikin sannu, kuma duk wanda ya zauna da mu ya san haka. Amma ga mutumin Ingila ko Amurka, "sorry" shi kaɗai a irin wannan wuri yana nuna kin ɗauki alhakin abin. Su abin da suke faɗa shi ne "Are you all right?" ko "Are you OK?" In mutum ya yi atishawa su ce "Bless you". In ya ba ki labarin rashin lafiya ko asara, to nan "sorry" ya dawo, amma da cikonsa: "I am sorry to hear that."

"Sannu da aiki" ma haka take. Mun mayar da ita "well done", muna faɗa wa mai gini yana tsakiyar ɗora bulo. Bature yana ajiye "well done" ne sai an gama aiki kuma ya yi kyau.

Tunda mun zo nan, bari in haɗa da "yi haƙuri", wadda ke yi mana aiki uku. In kin yi laifi, "I am sorry" ko "I apologise". In kina son a jira ki, "Please bear with me". In gaisuwar mutuwa ce, "I am sorry for your loss" ko "Please accept my condolences". Kada ki ce wa wanda aka yi wa rasuwa "be patient". A kunnensa kamar kin ce ya daina gaggawa ne. "Take heart" da muke yawan ji a nan Turanci ne mai kyau, ana iya amfani da shi.

"Angry with" ne ko "angry at" ko "angry for"?

Mutum ake yin "angry with" da shi, Amurkawa kuma sukan ce "angry at". Abin da ya jawo fushin "about" yake ɗauka: "I am angry with the tailor about the delay." "For" yana zuwa ne in za a ambaci abin da mutumin ya aikata: "angry with him for lying". Abin da ba a cewa shi ne "I am angry for you" da nufin ina fushi da kai, domin ma'anarsa ina taya ka fushi.

Fushin ma hawa-hawa ne. "Annoyed" da "irritated" haushi ne ƙarami, irin na ɗauke wuta ana tsakiyar kallon ƙwallo. "Angry" fushi ne sosai. "Furious" shi ne mutum ya hasala har jijiyar wuya ta tashi. "Upset" ɓacin rai ne mai haɗe da damuwa, wanda sau da yawa hawaye ya fi kusa da shi a kan faɗa. "Vex" da ake ji a Sabon Gari kalmar Turanci ce ta asali, amma yadda muke jera ta, "no vex", Turancin buroka ne, ba na takardar jarrabawa ba. "Mad" kuwa a yi hattara: "He is mad at me" fushi ne a bakin Ba'amurke, "He is mad" kawai kuma mutumin Ingila zai iya jin an ce mahaukaci.

Akwai wata ƙa'ida da za ta nuna mini ƙaramar kalmar da ke bin kowace siffa?

Babu wadda za ta fisshe ka. Kamar kwano da murfinsa suke, tare ake ɗaukarsu: "afraid of", "proud of", "ashamed of", "jealous of", "worried about", "excited about", "interested in", "pleased with", "fed up with". Kada ka haddace su tsirara. Sa kowace a jimlar da ta shafe ka, kamar "My mother is worried about my exam", ta haka take zama.

Wani lokaci ƙaramar kalmar ce ke juya ma'ana gaba ɗaya. "I am happy for you" ina taya ka murna ne, abin da ake faɗa wa ango ko wanda ya samu aiki. "I am happy with you" na gamsu da kai ne, maganar maigida ga yaronsa na shago.

Kishi shi ne "jealous", ko?

Wani kishin. Na tsakanin masoya ko na kishiyoyi "jealousy" ne. Hassada, wato ƙyashin abin hannun wani, "envy" ce, ko da yake a maganar yau da kullum Turawa suna sa "jealous" a nan ma. Har sukan ce wa aboki "I am so jealous!" cikin raha in ya sayi sabuwar mota, ba tare da mugun nufi ba. Mu da muka san tsoron baki, wannan yakan yi mana nauyi a kunne.

"Jealous" siffa ce, ba aikatau ba, don haka "he is jealousing me" ba ya cikin ƙa'ida. A ce "He is jealous of me" ko "He envies me".

Amma kishin ƙasa "patriotism" ne. In kana yabon wani da kishin Kano ka ce "He is jealous of Kano", ka ce yana yi wa garin hassada. Ka ce "He cares deeply about Kano" ko "He is passionate about Kano".

Na rubuta "I am too happy" malaminmu ya ja jan layi a ƙarƙashi. Ai ƙarfafawa nake yi.

"Too" ba ƙarfafawa ba ce, wuce kima ce har abin ya zama matsala. "I am too tired to cook", wato gajiya ta hana ni girki. Ƙarfafawa "very" ce ko "so" ko "really". Sannan kalmomin da suka riga suka kai ƙarshe, irin su "furious", "terrified", "delighted", ba sa son "very". "Absolutely" suke ɗauka, ko a bar su su kaɗai. In kin rasa wadda za ki sa, "really" tana tafiya da kowace.

Yaya zan bambance "like" da "love", kuma yaya ake faɗin kewa?

"So" namu ya haɗa uku. Ina son ruwa "I want some water" ne, in da ladabi "I would like some water". Ina son shayi, wato yana yi mini daɗi, "I like tea". So na zuciya "love". Da abinci ko ƙwallo ana iya cewa "I love it" ba komai. Da mutum ne ake taka-tsantsan. Ma'aikacin da yake son yaba wa abokiyar aikinsa ya aika mata "I love you" ya jawo wa kansa maganar da bai shirya ba, ko "I like you" ma ana iya fassara shi da neman aure. Ya ce "I enjoy working with you" ko "I appreciate your help".

A rubutun jarrabawa kada a sa waɗannan aikatau a sigar "ing": "I am liking", "I am hating", "I am wanting". Za ka ji su a waƙa da talla, amma mai duba takarda ba waƙa yake dubawa ba.

Kewa "miss" ce, kuma lokaci yana da muhimmanci. Muddin mutum yana nesa, "I miss you". Ranar da aka je filin jirgin Malam Aminu Kano taryen Hajiya ta dawo daga Makka, "We missed you". Ita dai wannan kalma ce a "I missed my flight", inda take nufin jirgi ya tashi ya bar ni. Kewar gida, irin ta ɗan bautar ƙasa da aka tura jihar da bai san kowa ba, "homesick" ce. Kaɗaici mai ciwo "lonely" ne. "Alone" kawai mutum shi kaɗai ne a wuri, wataƙila ma yana jin daɗin hakan.

Abokina ya yi asara na ce masa "I pity you", sai ya sauya fuska.

Yana da hujja. Tausayi a wurinmu abin so ne, amma "I pity you" a Turanci yana ɗauke da raini, kamar kana leƙo shi daga sama, wani lokaci ma gargaɗi ne. Ka ce "I really feel for you" ko "I am sorry you are going through this". In labarin wani kake bayarwa a bayan idonsa, "I feel sorry for him" ya yi.

Zan shiga intabiyu. In aka tambaye ni yadda nake ji, "nervous" zan ce ko "worried" ko "afraid"?

"A little nervous" ya wadatar, kuma ba abin kunya ba ne. "Nervous" fargaba ce ta gaban wani abu da za ki fuskanta yanzu, irin ta mai jiran a kira ta sashen magana na jarrabawar Turanci ta IELTS, wanda duka-duka minti 11 zuwa 14 ne amma tafin hannu ya riga ya jiƙe. "Worried" damuwa ce a kan abin da zai iya faruwa: ɗa bai dawo gida ba har bayan isha'i. "Anxious" ya fi su nauyi da daɗewa. "Afraid" tsoro ne, in kika faɗe shi a intabiyu za su yi mamakin abin da ke ba ki tsoro a ofishinsu. Sai dai ki san wannan: "I am afraid the manager is not in" ba tsoro ba ne, hanyar ladabi ce ta isar da labarin da ba a so.

"Sad" da "depressed" ɗaya ne?

A'a, kuma ina son matasa su daina wasa da ta biyun. "Sad" baƙin ciki ne da kowa ke shiga ya fita. In ƙungiyarka ta sha kashi, kai "sad" ne ko "disappointed". "Depression" ciwon damuwa ne da likitoci suka sani, kuma cikin abin da suke dubawa akwai ƙuncin rai ko rashin sha'awar komai da ya kai mako 2 ko fiye, sau da yawa tare da lalacewar barci da cin abinci. Wanda ya ce maka "I have been depressed for months" ba "sorry" kawai yake bukata ba. A taimaka masa ya ga likita. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau.

"Proud" yabo ne ko zagi?

Da "of" yabo ne: "I am proud of you", ina alfahari da kai. "He is proud" shi kaɗai yana iya nufin girman kai. In girman kan kake nufi ba tare da shakka ba, "arrogant" ta fi fitar da shi.

To Turancinmu na Najeriya duk kuskure ne ke nan?

Ba na cikin masu wannan ra'ayi. A watan Janairun 2020 babban ƙamus na Oxford ya shigar da kalmomi 29 na Turancin Najeriya, har da Kannywood. Wanda ya ce wa maƙwabcinsa "sorry" a Fagge don ya yi tuntuɓe ya isar da saƙonsa, kuma ba shi da wanda zai ba haƙuri. Abin da nake nema daga ɗalibi shi ne ya san wanda ke gabansa. Mai duba takardar WAEC yana auna ka da daidaitaccen Turanci, kuma a insha'i mai kalmomi 450 kuskuren "ed" da "ing" in ya maimaitu yana cin maki. Amma "I am boring" da "hearing fear" ba Turancin Najeriya ba ne, kuskure ne a ko'ina.

Wane ƙamus zan riƙe?

Na Hausa da Turanci yana ba ka kalma. Tun daga na Bargery na 1934 har zuwa na Turanci zuwa Hausa da Roxana Ma Newman ta fitar a 1990, an yi aiki mai kyau. Amma bayan ka samu kalmar, ka duba ta a ƙamus na masu koyo, irin Oxford Advanced Learner's ko na Cambridge, waɗanda ake buɗewa kyauta a intanet. Kada ka tsaya a ma'ana. Sauka ƙasa ka karanta jimlolin misali, nan ne za ka ga abin da ke gaban kalmar da abin da ke bayanta.

Malam, ni ɗan kasuwa ne. An turo mini kaya ba irin wanda na biya ba. Yaya zan nuna ɓacin raina a saƙo ba tare da na ɓata hulɗa ba?

Alhaji, ka ajiye "angry" da "furious" tukuna. A harshen kasuwanci kalmar da ke cizo ba tare da zagi ba ita ce "disappointed". Ka rubuta: "I am very disappointed with the quality of the goods." In jinkiri ne ke damunka kuma kaya ba su iso ba, "I am concerned about the delay". In abin ya maimaitu, "I am not satisfied with your service", sannan ka faɗi abin da kake so a yi da ranar da kake so a yi shi. Ka lura "disappointed" ce da "ed", domin kai ne aka ɓata wa. Kayan su ne "disappointing". In suka gyara, layi ɗaya ya isa: "Thank you, I am pleased with the new consignment."